Yogar yin: tambayoyin da kuke ta maimaita min

Kusan kullum sai na buɗe waya na tarar da tambayoyin nan kan yogar "yin", wani salon miƙa jiki, su ɗin dai. Na tara su wuri guda. Don Allah 'yan uwana mata, a karanta kafin a sake turowa.

Za ta rage min tumbi?

A'a. Mai son rage tumbi ta kula da cikinta, ta riƙa tafiyar ƙafa.

To mece ce ita?

Zama ne ko kwanciya a tabarma cikin yanayi guda, ki saki jikinki, ki tsaya shiru minti 3 zuwa 5. Sabuwar shiga minti 1 ko 2 ya ishe ta. Abin da ake son a taɓa shi ne gaɓoɓi, da jijiyoyin da suka ɗaure su, da farar yanar nan da kike gani manne da tsoka idan kina gyaran naman Sallah. An fi mai da hankali kan ƙugu, cinyoyi da ƙasan gadon baya.

Sai na sayi kaya?

Tabarma, matashin kai biyu, bargo. Duk suna ɗakinki.

Daga ina ta zo?

Yoga 'yar Indiya ce, yin da yang kuwa kalmomin Sin ne, amma wannan salon a Amurka aka haɗa shi. Paulie Zink, malamin dabarun kare kai, shi ya fara koyar da dogon zaman a ƙarshen shekarun 1970. Paul Grilley ya koya a wurinsa ya yaɗa, Sarah Powers ta raɗa mata suna.

Ya halatta?

Wannan tambayar malaminki ce. Abin da nake yi miƙa ce da numfashi, ba na rera komai. Akwai azuzuwan da ke haɗawa da lafuzzan addinin Hindu, don haka ki duba abin da za ki shiga tun kafin ki shimfiɗa tabarma.

Ina da ciwon baya. In yi ko in bari? Kuma yaya zan gane zafin da ke cutarwa?

Nan ne nake jan numfashi kafin in amsa, domin ciwon baya ba iri ɗaya ba ne. Idan bayan ya ƙage ne saboda wunin zama a kan keken ɗinki ko kujerar ofis, mai yiwuwa ki ji daɗinta sosai. Amma idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya turo, sunkuyawa gaba na minti 5 kan ƙara tsananta shi, alhali wata mai wannan ciwon za ta iya samun sauƙi idan ta yi ruf da ciki ta dogara da gwiwar hannu. Wata kuma wannan ɗin ne zai tayar mata da nata. Daga waya ba a rarrabe su. Ki je wurin likita ko sashen gashin ƙashi a faɗa miki irin naki, ki tambaye su kai tsaye: in sunkuya ko kar in sunkuya?

Game da zafi kuwa, wanda ake nema ja ne mai faɗi, marar kaifi, wanda za ki iya numfashi a natse a cikinsa. Idan ya soke ki a wuri guda kamar allura, ko ya sauka ƙafa kamar lantarki ya ja ki, ko yatsu suka sage, ki fita nan take. Ko a nan ma sai an yi hattara, don wani zafin ba ya fitowa sai washegari. Idan kin tashi da safe baya ya fi jiya tsami, kin wuce gona da iri, ki rage lokaci ki ƙara matashi.

Mai juna biyu da mai jego, jijiyoyinku sun riga sun saki, kada ku ƙara ja musu ba da sanin likita ba. Haka dattijuwar da ƙashinta ya yi rauni, da wadda gaɓoɓinta ke lanƙwasuwa fiye da kima tun asali. Ita wannan ta ƙarshen ta fi ba ni tsoro, don komai yana zo mata da sauƙi, kowa yana yaba mata, ita kuwa ƙarfin tsoka take buƙata.

Gwiwoyina sun ƙi taɓa ƙasa a zaman malam-buɗe-littafi.

Su ƙi mana! Wa ya ce sai sun taɓa? Ki haɗa tafin ƙafafunki, ki tura su nesa da jiki kaɗan, ki sa matashi ƙarƙashin kowace gwiwa. Grilley ya daɗe yana nuna wa ɗalibansa cewa ƙirar ƙashin ƙugu ta bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, ko shekara goma kika yi ba zai matsa ba. Na ga wata tana danna gwiwoyinta da hannu biyu, ta cije leɓe, tana leƙen ta kusa da ita. Raina ya ɓaci ranar. Ku daina wannan.

Ba na iya tsayawa shiru, tunani ya yi min yawa.

Ki kwantar da hankalinki, kowa haka ya fara. Minti na farko za ki tuna tukunya, na biyu kuɗin makaranta. Ki saita agogon waya, ki kife ta, ki ƙirga numfashinki.

Da gaske tana daidaita rayuwa?

Asalin ma'anar kalmar "yin" shi ne gefen tudu mai inuwa, yang kuma gefen da rana ke duka. Yawancinmu daga asuba har mu kwanta a rana muke: girki, aiki, yara, waya. Minti 20 a inuwa yana sauƙaƙa min dare, kuma na lura na rage yi wa yara tsawa. Amma idan barcin awa 4 kike yi kuma kin kasa ce wa kowa a'a, tabarma ba za ta gyara wannan ba. Wadda kuma ta wuni a kwance, tafiya da motsa jini take buƙata, ba ƙarin zama ba.

Yaya zan tashi idan lokaci ya cika?

A hankali. Ki sa hannu ki ɗago gwiwoyin ki haɗa su, ki kwanta rigingine minti 1. Za ki ji ƙugun kamar ba naki ba, zai wuce. Kada ki zabura don an buga ƙofa.