Sororiti: 'yan'uwantakar da ake nema da takarda a jami'o'in Amurka

A watan Yulin 2024, kwana uku bayan Joe Biden ya janye daga takarar shugabancin Amurka, Kamala Harris ta tsaya a wani makeken zaure a Indianapolis gaban dubban mata baƙar fata, kusan dukkansu cikin shuɗi da fari kamar an yi anko. Taron ƙungiyar Zeta Phi Beta ne. Ita Harris ba 'yar ƙungiyar ba ce, tata ita ce Alpha Kappa Alpha mai ruwan hoda da kore, wadda ta shiga tana ɗaliba a Jami'ar Howard a 1986. Irin waɗannan ƙungiyoyi su ake kira sororiti, kuma wanda bai san su ba zai sha mamakin abin da ya kai mai neman kujerar shugaban ƙasa wurinsu a makon da kowace sa'a take da tsada.

Sororiti ƙungiya ce ta ɗalibai mata a jami'a. Ana neman shiga, a tantance mai nema, a rantsar da ita a ɓoye, daga nan sauran mambobi su riƙa kiran ta 'yar'uwa har ƙarshen ranta. Wadda ta shiga ɗaya ba ta shiga wata. Sunayensu haruffan Girkanci ne biyu ko uku, al'adar da ta samo asali daga Phi Beta Kappa, ƙungiyar maza da aka kafa a Kwalejin William da Mary a 1776. Mata sun fara tasu a 1851 a garin Macon na jihar Jojiya, sai a 1870 aka sami ta farko mai sunan Girkanci, wato Kappa Alpha Theta. Kalmar kanta daga "soror" take, 'yar'uwa a harshen Latin, kuma wani malamin Latin a Jami'ar Syracuse ne ya raɗa wa Gamma Phi Beta ita a 1882.

Ɗan Najeriya da ya ji an ce rantsuwa da sirri a jami'a, ƙungiyar asiri zai fara tunawa, kuma ba a ga laifinsa ba. Ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ta fara ne a fili, da manufar yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, har abin ya koma sara-suka da harbe-harbe a makarantu. Sororiti ba ta bi wannan hanya ba. Tana da rajista, tana da hedikwata da ma'aikata, jami'a ta san da ita kuma tana iya dakatar da reshenta. Mamba tana yawo da haruffan a rigarta da lambar motarta. Abin da ake ɓoyewa shi ne kalmomin rantsuwa, da salon gaisuwa, da abin da ake yi daren shiga.

Inda ma'anar ta fi fitowa sarai shi ne Howard, jami'ar baƙar fata da aka kafa a 1867 a tsakiyar birnin Washington. A farkon ƙarni na 20 ƙungiyoyin fararen mata ba sa karɓar baƙa. Saboda haka a ranar 15 ga Janairun 1908 wata ɗaliba, Ethel Hedgeman, ta jagoranci ƙawayenta suka kafa Alpha Kappa Alpha. Shekara biyar bayan nan mambobi 22 suka ga cewa shan shayi da liyafa sun yi yawa, suka ɓalle suka kafa Delta Sigma Theta a Janairun 1913. Ba su cika wata biyu ba suka fito titin Pennsylvania ranar 3 ga Maris, jajibirin rantsar da Woodrow Wilson, cikin zanga-zangar neman a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, duk da cewa wasu daga cikin masu shirya gangamin ba su so ganin baƙaƙe a cikin sahu ba. Zeta Phi Beta ta biyo baya a 1920, ita ma a Howard. Ta huɗu, Sigma Gamma Rho, malaman makaranta bakwai ne suka kafa ta a Jami'ar Butler da ke Indianapolis a 1922. Su huɗun nan da na maza biyar ke ƙarƙashin majalisa ɗaya tun 1930, ko da yake ba duka suka shiga lokaci guda ba.

A waɗannan ƙungiyoyi na baƙar fata, shiga ba ta sabuwar ɗaliba ba ce. Sai yarinya ta zauna, makinta ya kai abin da aka yanka, an ga ƙafarta a ayyukan taimakon jama'a, sannan wata tsohuwar mamba ta tsaya mata. Waɗanda aka ɗauka a karo ɗaya ana ce musu layi guda, kowace da lambarta da sunan da aka laƙaba mata. Ranar fito da su kuwa, jami'a ba masaka tsinke. Za su shigo a jere, gajera a gaba doguwa a baya, kaya iri ɗaya, fuska a rufe, kowace ta manne da ta gabanta. Su jero sunayen waɗanda suka kafa ƙungiyar da murya ɗaya ba gargada, su gai da yayyensu, su yi rawar nan ta buga ƙafa da tafi da dukan ƙirji. Sannan a riƙa cire musu abin rufe fuska ɗaya bayan ɗaya. A nan ne za ka ji wata uwa a cikin taro, da furfura da rigar ƙungiyar a jikinta, ta ƙwala kiran da ta yi shekara talatin tana yi, don 'yarta ce aka buɗe.

A manyan jami'o'in kudu irin ta Alabama, sororiti gida ce: katafaren bene mai ginshiƙai, da masu dafa abinci, da dubban 'yan mata da ke zagayen neman shiga kowane watan Agusta, abin da ya cika TikTok a 2021. A cikin birni fili ya yi tsada, kuma ƙungiyoyin baƙar fata dama akasari ba su da gidaje. A Howard abin da kowace ke da shi 'yar kusurwa ce a tsakar jami'a, bishiya ko dutse ko benci da aka shafa wa fentinta. Wanda ba mamba ba ba ya zama a wurin, haka nan ba a ratsa layinsu in suna rawa. A ganina rashin gidan nan alheri ya zame musu. Tunda babu falon da za a yini a ciki, sai zumuncin ya koma ƙafa: koyar da yaran unguwa karatu, yi wa mutane rajistar zaɓe, tara kuɗin tallafin karatu. Abin ya daɗe. Daga 1935 likita Dorothy Ferebee ta riƙa kai ayarin Alpha Kappa Alpha gonakin audugar Mississippi. Masu gonaki suka hana ma'aikatansu zuwa asibitin da aka buɗe, sai matan suka loda magunguna a motocinsu suka bi su har gona suna yi wa yara rigakafi.

Kammala digiri ba ya raba mace da ƙungiyar. Akwai rassan manya a birane, kuma a nan ƙarfin yake: lauyoyi, likitoci, shugabannin makarantu, 'yan majalisa. Yarinya ta sauka a garin da ba ta san kowa ba, ta kira reshe, a nuna mata gidan haya da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa don neman aiki. In mamba ta rasu, 'yan'uwa na yi mata nasu bankwana kafin jana'iza. Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko a majalisar dokokin Amurka, 'yar Delta ce. Lokacin da Biden ya ɗauki Harris ta yi masa takarar mataimakiya a 2020, gudummawar dala 19 da santi 8 (wato 1908, shekarar da aka kafa Alpha Kappa Alpha) ta riƙa kwarara asusun kamfe, kowa ya san daga inda take fitowa. Reshe ya kai har Afirka: Zeta ta buɗe a Monrovia ta Laberiya a 1948.

Sai dai 'yan'uwantakar da ake tantancewa dole ta bar wasu a waje. Kuɗin shiga da na shekara-shekara da na sutura ba na 'yar talaka ba ne. An daɗe ana zargin wasu rassa da fifita masu hasken fata da 'ya'yan manya. A Alabama sai a 2013 jaridar ɗalibai ta tona yadda ake toshe wa baƙaƙen 'yan mata ƙofar ƙungiyoyin farare. Mafi muni shi ne azabtar da masu neman shiga da sunan gwajin haƙuri: hana barci, duka, aike na wulaƙanci. Ƙungiyoyin baƙar fata sun haramta tsohon tsarin a 1990, amma wasu rassa suka mai da shi ƙarƙashin ƙasa, har ana raina wadda ta shigo ba ta sha wuya ba, ana ce mata 'yar takarda. A Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka a fili.

Ɗalibai Musulmi, waɗanda shaye-shaye da cakuɗuwar liyafar wasu ƙungiyoyi ba su yi musu ba, sun ɗauki tsarin sun gyara shi. A Jami'ar Texas da ke Dallas maza suka kafa Alpha Lambda Mu a 2013, wato Alif Lam Mim da haruffan Girka. Mata suka biyo da Mu Delta Alpha a 2016, ba giya, ba azabar shiga, hankalinsu na kan horar da juna don aiki da shugabanci, kuma tuni suka yi rassa a wasu jami'o'in.