Fitilar AJ

Fitilar AJ fitilar tebur ce ta lantarki wadda mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Denmak, Arne Jacobsen (1902–1971), ya zana a 1957, sunan ma daga harufan farko na sunansa aka ɗauko. Kamfanin Louis Poulsen ne yake ƙera ta tun 1960 har yau ɗin nan, kuma tana cikin fitilun da aka fi sani a salon zanen kayan ɗaki na tsakiyar ƙarni na 20, wato salon nan da ba ya son ado mai yawa sai dai tsari mai tsafta da amfani.

Asalinta dai don otal aka yi ta. Kamfanin jiragen sama na SAS ya ba Jacobsen aikin zana SAS Royal Hotel a Kofanhegan, babban birnin Denmak, shi kuwa bai tsaya kan ginin kawai ba, kujeru, labule, cokula, marikin ƙofa, duk sai da ya sa hannu, a nan ne kujerun nan Egg da Swan suka fito waɗanda kamfanin Fritz Hansen ya ƙera. Fitilar ta zo kala uku, ta tebur, ta tsaye a ƙasa, da ta bango. Otal ɗin an sha sabunta shi amma ɗaki mai lamba 606 an bar shi yadda Jacobsen ya tsara shi.

Kan fitilar shi ne wajen da aikin yake. In ka kalle ta daga gefe za ka ga wani ɗan bututu a baya inda soket yake, sai ya buɗe ya zama kamar mazurari da aka yanke bakinsa a karkace, to wannan yankan ba don kyau kawai aka yi shi ba, shi ke sa kwan ya ɓuya daga idon mai karatu hasken kuma ya sauka kan takarda, kuma ana iya ɗaga kan ko a sunkuyar da shi yadda ake so. Cikin murfin farin fenti ake shafa masa don hasken ya bazu da laushi ba tare da ya kashe ido ba. Gaskiya duk wanda ya taɓa kwana karatu da tsiraran kwan fitila a gabansa ya san darajar wannan dabarar. Sandar siririya ce kuma ba a miƙe cak take ba, ta ɗan karkata, tsayin fitilar gaba ɗaya santimita 56.

A gindinta akwai wani zagayayyen rami da mutane ke yawan tambaya a kai. Wajen ajiye abin kaɗe tokar sigari ne, don a zamanin shan taba a ɗakin otal ba wani abu ba ne. An daina sa abin tokar amma ramin na nan, shi ne ma yake rage wa gindin nauyi a ido.

Wajen ƙira, murfin da faifan ƙarfe ake yin shi, a ɗora shi a kan inji mai juyawa da gudu sannan a riƙa danna shi a hankali har ya kwanta jikin wani dunƙule mai siffar da ake so, shi ya sa yake fitowa sumul. Gindin kuwa ƙarfen tutiya (zinc) ake narkarwa a tura ta da ƙarfi cikin mazubi, tana da nauyin da zai riƙe fitilar kar ta kife duk da kan ya leƙo gaba. Sandar ƙarfe ce mai rami, waya ta bi ta ciki. Bayan fenti sai a haɗa sassan. Masana'antar Louis Poulsen tana garin Vejen a yankin Jutland na ƙasar Denmak, kuma daga baya sun fito da ƙaramar ta mai suna AJ Mini.