Waiwaye: Ittihad da kofin 2013 da ba a cika tunawa da shi ba

Duk inda Hausawan Jidda da Makka suka zauna shan shayi bayan isha'i, daga Karantina har Shara Mansur, in hira ta gangaro kan ƙwallo sai an tsaya a tambaya ɗaya: ina yaranmu suka shige a Ittihad, kulob ɗin Jidda? Za ka ji matashi yana cewa, "Kawu, ai kofi ake nema, kuma ga shi ana ɗauka." Kawun ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ƙirga min 'yan unguwa a cikin sha ɗayan nan tukuna." Kusan kowa yana fara lissafi ne daga watan Yunin 2023, lokacin da manyan kulob huɗu na Saudiyya suka koma kamfanoni, kuɗi suka kwararo, Benzema da Kante suka sauka a Jidda. Ni kuwa ina ganin ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin nan ya girmi 2023 da shekara goma.

Tarihin farko sananne ne. An kafa kulob ɗin a 1927, shi ya sa ake masa laƙabi da Al-Amid, wato dattijon kulob-kulob. Ya ɗauki Kofin Sarki sau uku a jere daga 1958 zuwa 1960, ya ci gasar lig karon farko a 1982. Daga 1997 zuwa 2009 ya sake cin ta sau bakwai. A 2004 Seongnam ta Koriya ta zo har Jidda ta ci shi 3-1 a wasan ƙarshe na kofin Asiya, ya bi ta gida ya zura mata biyar babu ko ɗaya. Cikin waɗanda suka ci ƙwallayen akwai Rida Tukar da Hamza Idris, sai Muhammad Nur Hausawi, ɗan Makka, da ya ci biyu. Ba sai an yi wa Bahaushe bayanin abin da ya sa sunayen nan suke masa daɗin ji ba. A 2005 aka sake ɗaukar kofin a hannun Al-Ain.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne da me aka gina wannan ɗaukaka. Kulob ɗin Saudiyya na wancan zamani ba da kuɗin tikiti ko na sayar da riga suke rayuwa ba. Sun dogara ne ga attajiran masoya, waɗanda ke ciro kuɗi daga aljihunsu su sayo ɗan wasa ko su biya albashi. Alheri ne, babu musu. Amma aljihu ba rijiya ba ce, kuma kwantiragin da aka sa wa hannu ranar yalwa yana nan daram ranar da hannu ya bushe.

A kakar 2012/2013 hannu ya bushe. Lig ta tafi ba tare da Ittihad ya ko leƙa saman tebur ba, aka jingine wasu daga cikin manyan 'yan wasa, har da Nur, aka ɗauko kocin matasan kulob ɗin, wani ɗan Sifaniya mai suna Beñat San José, ɗan shekara 33, aka danƙa masa ragama. Shi kuma ya zo da yaran da ya sani. Fahad Al-Muwallad yana da shekara 18, Abdulfattah Asiri 19, ga Mukhtar Fallata a gaba. Mutane da yawa sun ɗauka an sallama kakar ke nan. Sai yaran suka fitar da Al-Hilal daga Kofin Sarki, suka fitar da Al-Fateh wadda ita ce ta ci lig a shekarar, sannan suka je Riyadh a watan Mayun 2013 suka doke Al-Shabab da ci 4-2 a wasan ƙarshe.

A nan hanya ta rabu biyu. Kulob mai fama da bashi ya gwada yaran da ya rena da hannunsa, waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba, suka kawo masa kofi. Da an ɗauki abin a matsayin tsari, da an haƙura da shekara uku ko huɗu na faɗi-tashi har yaran su nuna. Amma mu magoya bayan Ittihad, masu riga rawaya da baƙi, ba mu saba da jira ba. Wanda ya ga 2004 da idonsa ba ya son jin "sai baɗi". An ɗauki yaran kamar tayar safaya, a lallaɓa da ita zuwa wurin mai faci. Da sabuwar kaka ta fara tangal-tangal, ihun da ke fitowa daga kujerun 'yan kallo da shafukan sada zumunta ɗaya ne: a sayo, a sayo. Kocin bai ƙarasa kakar ba. Aka koma kasuwa, ba tare da kuɗin cefanen a hannu ba.

Sauran labarin bin juna ya yi. Asiri ya tsallaka Al-Ahli, abokiyar hamayyarmu ta Jidda, a 2016, wanda ga ɗan Ittihad ya fi a ce ya bar ƙasar ciwo. Mukhtar ya koma Al-Wehda, daga baya ya tafi Al-Hilal. A kakar 2016/2017 aka zaftare wa kulob ɗin maki uku saboda haƙƙin da bai biya ba, aka kuma hana shi sayen 'yan wasa na wani lokaci. Abin mamaki, a cikin wannan ƙunci ya ɗauki Kofin Yarima a 2017 da Kofin Sarki a 2018. A watan Mayun 2018 gwamnati ta ɗauki nauyin basussukan kulob-kulob, kimanin dala miliyan 340. Nauyi ya sauka, aka sake yin sayayya, sai ga Ittihad kaka biyu a jere yana lilo a bakin faɗawa rukuni na ƙasa.

A tsakanin nan ne kuma ƙofar 'yan wasan waje ta yi ta faɗaɗa: daga huɗu a kowane kulob ta koma shida a 2017, har da izinin ɗauko mai tsaron raga daga waje, ta kai takwas, daga baya goma a rajista, takwas a fili. Yaron da ya taso yana buga ƙwallo a lungunan Gulel ko Misfala yanzu gurabe uku yake takara a kai a cikin sha ɗaya. Lig ɗin da aka yi shekara 14 ana jira ta dawo a 2023, ta sake dawowa a 2025 tare da Kofin Sarki. Al-Muwallad, wanda ya fi daɗewa cikin fitattun yaran 2013, ya bar kulob ɗin a 2022.