Littattafan hotuna na yara ƙanana

Littafin hotuna shi ne littafin da zane da rubutu ke raba aikin ba da labari a cikinsa, har ya zama in aka ɗebe zanen sai labarin ya tashi a gurgunce. Da wannan ya bambanta da littafin da aka yi wa ado da zane nan da can. Galibi ana yin sa ne don yara daga watannin farko na haihuwa zuwa shekara 7 ko 8, kuma yawancinsu shafi 32 ne, saboda maɗaba'a kan buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda, a naɗe ta, a yanke, sai ta ba da shafi 8 ko 16. Na jarirai kuwa da kwali mai kauri ake yin su, don su jure yawu da cizo da jifa.

Asali

Masu tarihin adabin yara sukan faro ne daga Orbis Sensualium Pictus, wanda malami John Amos Comenius ya fitar a birnin Nuremberg na Jamus a 1658. A cikinsa an zana abubuwan duniya, an sa wa kowanne lamba, sannan aka rubuta sunansa da Latin da Jamusanci. Sigar da aka sani yau ta kankama ne a Ingila a ƙarni na 19, musamman a hannun Randolph Caldecott (1846 zuwa 1886), wanda zanensa kan faɗi abin da rubutu bai faɗa ba. Sunansa aka sa wa lambar yabon da Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka take ba gwanin zanen littafin yara kowace shekara tun daga 1938.

Abin da yaro ke koya kafin ya san harafi

Darasi na farko shi ne gane cewa hoto wakilin abu ne, ba abin ba ne. Babba ba ya ɗaukar wannan a bakin komai, amma koyonsa ake yi. Masaniyar halayyar yara Judy DeLoache da abokan aikinta sun nuna a 1998 cewa jariri ɗan wata 9 yakan kai hannu ya shafa hoton ko ya yi ƙoƙarin tsinke shi daga takarda, alhali ɗan wata 19 nuni yake yi da yatsa yana duban babba. Ranar da yaro ya nuna zanen akuya ya ce "mee", ya kama ginshiƙin karatu gaba ɗaya: alamar da ke kan takarda tana nufin wani abu a duniya.

Daga nan sai sanin littafin kansa: ina gaba, ina baya, yadda ake riƙe shi ba a kife ba, yadda ake juya shafi ɗaya-ɗaya, da cewa baƙaƙen nan su ake karantawa. Yaron da ke zuwa makarantar allo yana da aiki biyu a nan, domin rubutun allo daga dama yake farawa, na boko kuma daga hagu, kuma yatsan mai karanta masa da ke bin layi shi ke nuna masa bambancin ba tare da dogon bayani ba.

Kalmomi su ne riba mafi girma. Hirar gida takan zaga ne a kan ci da wanka da barci da "zo nan", amma littafi yana kawo jirgin ruwa da giwa da tsibiri cikin ɗaki. Jessica Montag da abokan aikinta a Jami'ar Indiana ta Amurka sun auna rubutun littattafan hotuna 100 da maganar da manya ke yi wa yara, suka wallafa a 2015 cewa littattafan sun fi yawan kalmomi mabambanta.

Wasu fitattu da abin da suke koyarwa

The Very Hungry Caterpillar na Eric Carle, wanda ya fito a Amurka a 1969, labarin wata 'yar tsutsa ce mai yunwa. Ranar Litinin ta huda tuffa ɗaya, kowace rana abin na ƙaruwa har lemo biyar ranar Juma'a, ranar Asabar ta yi haɗama cikinta ya murɗa, daga bisani ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. Kwanakin mako da ƙirge da rikiɗar ƙwaro duk suna ciki, ga kuma 'yan ramuka da aka huda a shafukan, daidai yatsan yaro, yana zurawa yana ƙirgawa. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 60. Shi dai Carle ne ya yi zanen Brown Bear, Brown Bear, What Do You See? na Bill Martin Jr. a 1967, wanda ke koyar da launuka da sunayen dabbobi ta hanyar tambaya guda da ake ta maimaitawa. Maimaicin nan aikin amshin waƙar tatsuniya yake yi: yaro yana sanin abin da ke tafe, sai ya riga babba faɗa.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Rosie's Walk na Pat Hutchins, na 1968. Rubutunsa kaf jimla ɗaya ce: kaza ta fita yawo, ta ratsa tsakar gida, ta kewaye kududdufi, ta haye tarin ciyawa, ta bi ta ƙarƙashin amya, ta dawo gida. Ko sau ɗaya ba a ambaci dila ba, amma ga shi a zane yana biye da ita, duk tsallen da ya daka sai ya gamu da gamonsa: ya taka manjagara ta buge shi a fuska, ya faɗa ruwa, buhun gari ya zube masa, a ƙarshe ƙudan zuma suka fatattake shi. Babba yana karanta labarin kaza, yaro yana ganin na dila, har ya ƙosa ya yi ihu ya gargaɗe ta. A nan yake koyon kalmomin wuri, wato kan da ƙarƙashin da kewaye, yana kuma koyon abin da ya fi su wuya: cewa shi ya san abin da kazar ba ta sani ba. Wannan ita ce ƙofar fahimtar cewa tunanin wani daban yake da naka, kuma da wuya a sami littafin da ya koyar da haka da kalmomi kaɗan kamar wannan.

The Snowy Day na Ezra Jack Keats, na 1962, ya ci lambar Caldecott a 1963, kuma yana cikin na farko-farko a Amurka da suka sa yaro baƙar fata ya zama tauraron littafi mai launi. Yaron, Peter, ya dunƙula dusar ƙanƙara ya sa a aljihu don gobe. Da dare ya laluba bai tarar da komai ba. Ba a faɗi inda ta tafi ba, mai sauraro aka bar wa ya gano. Where the Wild Things Are na Maurice Sendak, na 1963, fushi ya taɓo: yaro ya yi ƙiriniya, an kora shi ɗaki, ya huce, ya tarar da abincinsa da ɗuminsa.

Daga Afirka ta Yamma akwai Baby Goes to Market na Atinuke, marubuciya 'yar asalin Najeriya, wanda Angela Brooksbank ta zana, ya fito a 2017. Jariri yana goye a bayan uwarsa a kasuwa, mai ayaba ta ba shi shida, ya ci ɗaya ya jefa biyar a kwando, haka yake ta yi da lemo da cincin da gasasshiyar masara, uwar ba ta sani ba sai da kaya suka yi nauyi. Ɗebewa ke nan ba tare da an kira ta lissafi ba, kuma yaron da ya saba zuwa kasuwa a goye zai gane komai na ciki.

Yadda ake karantawa

Littafin bai isa shi kaɗai ba. Abin da ke gudana tsakanin babba da yaro a kan shafin shi ke ɗauke da mafi yawan amfanin. A 1988 masanin halayyar yara Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka koya wa iyayen 'yan shekara 2 zuwa 3 su riƙa yin tambaya maimakon karatu zalla: "Mene ne wannan? Me yake yi?" In yaro ya ce "mota", sai a ce masa "E, jar mota ce, ta ɗauko buhuna." Bayan wata guda yaran sun fi takwarorinsu iya bayyana abu da baki. Uwar da ba ta yi boko ba, ko yaya ko kaka, duk za su iya wannan, tunda zanen ake tattaunawa. Yaro kuma in ya nace a sake masa littafi guda kullum, a sake masa, domin a maimaicin ne kalmomin ke zama.

A kan irin wannan fahimta aka kafa shirye-shiryen raba littattafai: Reach Out and Read a wani asibitin birnin Boston na Amurka a 1989, inda likitoci ke ba yara littafi lokacin duba lafiya, da Bookstart a Birmingham ta Ingila a 1992. A 2014 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa jariri tun daga haihuwa.

A harshen Hausa

Littattafan hotuna na 'yan ƙasa da shekara 5 ba su da yawa a kasuwar littafin Hausa. Na koyon karatu a firamare da na manya sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wani ɓangare na giɓin intanet ke cike shi. Shirin African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, wanda ya fara a 2015, duka suna da labarai masu zane da Hausa. Kyauta ake karanta su a waya, kuma lasisinsu ya yarda malami ko uba ya sauke su, ya fassara, ya buga a takarda.