Tazarce: Ta Wace Hanya Shugabanni Ke Tsallake Iyakar Wa'adi?

Me ya sa tun farko aka ƙayyade wa shugaba wa'adi?

Saboda mai riƙe da kujera ba ya shiga zaɓe daidai da abokan takararsa. Baitulmali na hannunsa, jami'an tsaro na karɓar umarninsa, a wurare da dama ma shi ya naɗa shugaban hukumar zaɓe. Amurka ta rubuta wa'adi biyu cikin tsarin mulkinta a 1951, bayan an zaɓi Franklin Roosevelt har sau huɗu. Ƙasashen Afirka da yawa sun ɗauki wannan ƙa'ida a farkon shekarun 1990, lokacin da aka dawo siyasar jam'iyyu barkatai.

Shugaba kan fito fili ne ya ce ya yi fatali da tsarin mulki?

Da wuya. Da dokar kanta ake karya dokar, kuma wannan ne abin da ya fi damuna. Za a fara jin wasu ƙungiyoyi suna roƙon shugaba ya daure ya ƙarasa ayyukan da ya faro, shi kuma ya yi gum. Daga nan sai ƙudurin gyara ya isa majalisar da jam'iyyarsa ke da rinjaye. Haka majalisar Uganda ta cire iyakar wa'adi a 2005. Da shekaru suka kusa hana Yoweri Museveni takara, a 2017 aka sake cire iyakar shekara 75. Kamaru ma ta cire wa Paul Biya iyakar wa'adi a 2008, mutumin da ke mulki tun 1982.

Na ji ana cewa an "sake lissafi". Me ake nufi?

Ana rubuta sabon tsarin mulki, a bar ƙa'idar wa'adi biyu a ciki yadda take, sannan lauyoyin gwamnati su ce shekarun da shugaba ya yi a ƙarƙashin tsohon tsari ba sa cikin ƙirga. Da wannan hujja Alassane Ouattara na Kodebuwa da Alpha Conde na Gini suka tsaya karo na uku a 2020. A shekarar ce kuma gyaran da aka yi a Rasha ya share wa Vladimir Putin wa'adodinsa na baya, abin da ya buɗe masa ƙofa har zuwa 2036. Pierre Nkurunziza na Burundi kuwa a 2015 cewa ya yi wa'adinsa na farko majalisa ce ta zaɓe shi, ba talakawa ba, don haka ba ya cikin lissafi.

Ina kotuna?

Ya danganta da wanda ya naɗa alƙalan da kuma ƙarfin zuciyarsu. Mutanen Bolibiya sun ƙi amince wa Evo Morales ƙarin wa'adi a ƙuri'ar raba gardama ta 2016, amma a 2017 kotun tsarin mulki ta ce hana shi takara tauye masa haƙƙi ne. A Nijar kotun ta tsaya kai da fata a 2009 cewa shirin tazarcen Shugaba Mamadou Tandja ya saɓa wa doka. Sai ya rushe ta, kamar yadda ya riga ya rushe majalisa.

Ana iya zarcewa ba tare da an taɓa ƙa'idar wa'adin ba?

Ƙwarai. A 2008 Putin ya miƙa wa Dmitry Medvedev shugabanci ya koma firayim minista, ya dawo a 2012. Wa'adin Joseph Kabila na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ya ƙare a Disamban 2016, aka yi ta jan ƙafa da sunan rajistar masu zaɓe da rashin kuɗi har Disamban 2018. Togo ta sauya tsari a 2024, ta mayar da iko hannun shugaban majalisar ministoci, muƙamin da ba shi da iyakar wa'adi, shugaban ƙasar na lokacin, Faure Gnassingbe, kuma ya hau shi a 2025.

To idan jama'a da gaske suna son mutumin fa?

Wannan tambaya tana da nauyi, domin akwai shugabannin da suka yi aiki. Sai dai wa ya auna son? Ƙuri'ar da gwamnati ta shirya, ta tsara tambayarta, ta hana masu cewa a'a taro da rediyo, ba ta nuna abin da ke zukatan mutane. Kuma gyaran da aka yi don mutumin kirki ba ya tafiya da shi, wanda ya gaje shi ma zai ci moriyarsa ko da azzalumi ne.

An taɓa taka wa tazarce birki?

An taɓa. Majalisar Dattawan Najeriya ta yi watsi da ƙudurin da zai ba Olusegun Obasanjo wa'adi na uku a Mayun 2006. A Senegal kotu ta bar Abdoulaye Wade ya tsaya a 2012, masu zaɓe suka kayar da shi. A Burkina Faso masu zanga-zanga sun cinna wa majalisa wuta a Oktoban 2014, Blaise Compaore ya gudu bayan shekara 27. Tandja da Conde kuwa sojoji ne suka kifar da su, a 2010 da 2021, kuma ban ɗauki wannan a matsayin magani ba. A Nijar sojojin sun shirya zaɓe suka miƙa mulki a 2011. A Gini kuwa, Mamady Doumbouya da ya hamɓarar da Conde ya wuce wa'adin riƙon ƙwaryar da aka amince zai ƙare a ƙarshen 2024.