Wiwi ta halatta a New York, to me ya sa ake garƙame shagunan sayar da ita?

Ba an ce jihar New York ta halatta tabar wiwi ba?

An halatta. Ranar 31 ga Maris 2021 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar, wadda ta ba duk wanda ya kai shekara 21 damar riƙe kimanin giram 85. Amma riƙewa daban, sayarwa daban. Ba mai ikon kasa ta a kanti sai da lasisin hukumar jihar da ake kira OCM.

To daga ina tulin shagunan nan marasa lasisi suka ɓullo?

A ganina laifin farko na gwamnati ne. Ta ce wa mutane su sha, ba ta tanadi inda za su saya ba. Shagon farko mai lasisi bai buɗe ba sai 29 ga Disamba 2022 a Manhattan, wata 21 ke nan bayan sa hannu. An so a fara ba da lasisi ga waɗanda aka taɓa hukuntawa kan wiwi, don a share musu hawaye, tunda baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka su aka fi kamawa a da. Niyyar mai kyau ce, sai dai ƙararraki suka riƙe ta, har da wadda wasu tsofaffin sojoji suka shigar a 2023 kotu ta dakatar da ba da lasisin na watanni. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Kafin ka ce kwabo, titi ya cika da shaguna masu koren haske da hoton ganye manne a gilashi, wasu daura da makarantu. Zuwa 2024 jami'an birnin New York na ƙiyasin sun haura 2,000.

Me ya hana a rufe su tun farko?

Doka ba ta da haƙori. Jami'ai su kai samame, su kwashe kaya, su rubuta tara, washegari mai shago ya sake cika kanta. A Afrilun 2024 Gwamna Kathy Hochul da majalisar jihar suka ba hukumomi ikon rufewa nan take. A watan Mayu Magajin Garin New York na lokacin, Eric Adams, ya tura jami'an ofishin Sherif, wato masu aiwatar da umarnin kotu a birnin, da 'yan sanda suka fara zagayawa da kwado. Ana iya barin shago a garƙame har shekara guda, kuma kafin 2024 ta ƙare an rufe fiye da 1,000.

Wace illa suke yi da masu lasisi ba sa yi?

Kayan mai lasisi sai an gwada su a ɗakin bincike, kuma sai an duba katin shaidar mai saye. A wancan ɓangaren ba mai duba komai. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne alawa da cakulan da aka cuɗa da sinadarin wiwi, a leda mai launi irin wadda yaro zai miƙa hannu ya ɗauka. Ga kuma harajin kashi 13 cikin 100 da mai lasisi ke karɓa a kan ciniki, wanda ɗayan ba ya biya, shi ya sa yake karya farashi.

Kowa ya yarda ana yin adalci wajen rufewar?

A'a. A Oktoban 2024 wani alƙali a Queens ya yanke cewa tsarin ya tauye haƙƙin sauraron mai shago, domin Sherif na iya ci gaba da rufewa ko da jami'in da ya saurari ƙorafin ya ba da shawarar a buɗe. Birnin ya ɗaukaka ƙara.

Wannan ya shafi 'yan uwanmu da ke zaune can?

Ƙwarai. Akwai Hausawan Gana, Nijar da Nijeriya da yawa a Bronx da Harlem, kuma sabon zuwa mai neman na abinci ba ya zaɓen aiki. Dokar tarayyar Amurka har yanzu ta haramta wiwi ta shaƙatawa, kuma ita ce ke hukunci kan takardun zama, ba dokar jiha ba. Tun 2019 hukumar shige da fice ta USCIS ta bayyana cewa aiki a harkar wiwi, ko a jihar da ta halatta, na iya hana mutum zama ɗan ƙasa. Ranar samame kuwa mai shagon sau da yawa ba ya nan. Yaron da ke tsaye bayan kanta shi jami'ai ke tararwa, sunansa ne ke shiga takarda.