Waiwaye: Yadda ganga ta ci jikin Phil Collins

A watan Yulin 2025 jita-jita ta karaɗe intanet cewa Phil Collins, mawaƙi kuma makaɗin ganga ɗan Ingila, na kan gargara, wai har an kai shi gidan da ake jinyar waɗanda likitoci suka fid da rai da su. Sai da wakilinsa ya fito ya ce ba haka ba ne, yana asibiti dai, amma aikin gwiwa aka yi masa. Jita-jitar ta lafa, gardamar da ta taso da ita kuwa tana nan. Tun 2021, lokacin da aka ga hotunansa a zagayen wasa na ƙarshe na ƙungiyarsu ta kiɗa mai suna Genesis, ya shigo dandamali yana dogara sanda, ya zauna a kujera ya rera waƙa daga farko har ƙarshe, mutane suke ta ja-in-ja. Wasu na ganin bai kamata mai irin wannan lalura ya fito gaban jama'a ba. Wasu sun ɗora komai a kan giya, tunda shi da kansa ya faɗi irin shan da ya yi. Mafi yawa dai cewa suke tsufa ne, kuma ba a yi wa tsufa magani.

Maganar tsufa ba ta gamsar da ni ba. An haife shi a Landan ranar 30 ga Janairun 1951. Mick Jagger, mawaƙin ƙungiyar Rolling Stones, ya girme shi da kusan shekara takwas, kuma a shekarun nan an gan shi yana zarya a dandamali kamar saurayi. Ringo Starr na ƙungiyar Beatles, wanda shi ma makaɗin ganga ne mai waƙa, haihuwar 1940 ne, bai daina fita wasa ba. Abin da ya durƙusar da Collins yana da mafari, kuma an san shekarar da ya fito fili.

Farkon labarin sananne ne. Yana ɗan shekara biyar aka ba shi gangar wasan yara, ya taso yana wasan kwaikwayo a dandamalin Landan, sannan a 1970 ya amsa wata talla a jaridar kiɗa ta Melody Maker, Genesis ta ɗauke shi makaɗi. A 1975 mawaƙin ƙungiyar, Peter Gabriel, ya tafi. Aka yi ta gwada mawaƙa, Collins ne ma yake koya musu waƙoƙin, ba a sami wanda ya dace ba, a ƙarshe shi ya karɓi makirufo. Daga 1981 ya fara fitar da nasa faifan shi kaɗai, sunansa ya kai ko'ina, har gidajen rediyon ƙasashenmu. Ranar 13 ga Yulin 1985, a bikin Live Aid na tara wa masu fama da yunwa a Habasha kuɗi, ya yi wasa a filin Wembley na Landan, ya hau jirgin sama mai tsananin gudu na Concorde, ya sake yin wani a Philadelphia ta Amurka a rana guda. Ya bar Genesis a 1996, ya karɓi kyautar Oscar a 2000 saboda waƙar fim ɗin Tarzan. Duk wannan an sha faɗa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, da ya zama mawaƙi bai ajiye sandunan kiɗa ba. A wurinmu an raba aikin tun asali, mawaƙi da bakinsa, masu kalangu da hannuwansu, 'yan amshi a gefe. Shi kuwa ya haɗa biyu. Gaskiya ne an ɗauko makaɗi na biyu don wasannin fili, Bill Bruford a 1976, daga baya Chester Thompson, wanda ya daɗe tare da su. Amma a situdiyo Collins ne mai ganga, a dandamali kuma da zarar an kai wurin da babu waƙa sai kiɗa zalla, sai ya ajiye makirufo ya ruga ya hau nasa gangunan, su biyu su yi ta dakawa, sannan ya dawo gaba yana haki ya ci gaba da rerawa. A gefe guda yana kiɗa da wata ƙungiyar jaz mai suna Brand X, yana kuma yi wa wasu mawaƙa kiɗa a faifansu. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

Wanda bai taɓa kallon makaɗin rok, wato salon kiɗan su Genesis, kusa da kusa ba zai ɗauka zama kawai yake yi. Kujerar 'yar ƙarama ce, ba ta da majingina. Ƙafa ɗaya na kan fedar babbar ganga, ɗayar na kan fedar da ke buɗewa da rufe faya-fayan tagulla, don haka babu ƙafar da ke tokare ƙasa ta ɗauki nauyin jiki, ƙugu da ƙashin baya ne ke ɗauka. Hannuwa kuma na kai duka dubbai a dare ɗaya, kowane duka yana dawo da girgiza ta cikin sanda zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, har wuya. Collins bahago ne, ganguna ma a jere suke irin na bahago, kuma duk wanda ya kalli tsofaffin bidiyonsa zai ga yadda yake zama: ya duƙa gaba, kafaɗu sun tattaro, kai ya zuro. A 2008 masu bincike na jami'o'in Chichester da Gloucestershire a Ingila suka bayyana abin da suka gano bayan sun daɗe suna auna Clem Burke, makaɗin ƙungiyar Blondie, yana bakin aiki. A wasan minti 90, bugun zuciyarsa na zama tsakanin 140 da 150 a minti, wani lokaci ya kai 190, kwatankwacin na ɗan ƙwallon firimiya. To shi ɗan ƙwallo da ya haura shekara talatin da biyar ake fara yi masa maganar ritaya, kuma yana da likitoci da masu tausa da ke bibiyar kowace jijiya tasa. Makaɗan zamanin su Collins ba wanda ya ɗauke su a matsayin masu aikin ƙarfi, su ma ba su ɗauki kansu haka ba.

Gargaɗin farko ta kunne ya zo. A 2000 wata ƙwayar cuta ta taɓa masa kunnen hagu, jinsa ya ragu farat ɗaya. Ya rage fita, har zagayen da ya yi a 2004 da 2005 ya kira shi na bankwana, cikin raha.

Sai 2007, shekarar da a ganina ita ce mararrabar labarin, ko da yake idan ana tarihinsa akan wuce ta da layi ɗaya: Genesis ta sake haɗuwa, an yi wasa, an ci riba. Rabon da Collins ya yi zagaye da ƙungiyar tun 1992, shekara goma sha biyar ke nan. A tsakani ya fi zama mawaƙi. A nasa wasannin yakan hau ganga na ɗan lokaci ne ya sauko. Yanzu ga shi yana da shekara 56, zai koma kan kiɗan da aka tsara a shekarun 1970, lokacin yana ɗan ashirin da 'yan kai, kiɗa mai tsawo da sauye-sauyen kari, wanda ba ya yafe wa mai kasala. Aka fara a Helsinki a watan Yuni, aka zaga Turai, aka tsallaka Amurka da Kanada, aka rufe a Los Angeles a watan Oktoba. Wasa sama da arba'in, kowanne ya haura awa biyu. A Rum, ranar 14 ga Yuli, wasan kyauta aka yi a filin Circo Massimo, aka ƙiyasta mutum kusan rabin miliyan. Kowane dare akwai wurin da shi da Chester Thompson za su tsaya fuska da fuska su fara kiɗa a kan dogayen kujerun mashaya guda biyu, suna dukan fatar kujerar da ƙarfenta, daga nan su koma kan ganguna su ƙarasa. Jama'a na ihu, ba wanda ya san abin da ke faruwa a jikinsa.

A cikin wannan zagaye ne ƙashin saman wuyansa ya goce, ya taɓa jijiyoyin da ke sauka zuwa hannu. Hannun hagu, wanda shi ne jagoran kiɗansa, ya fara ƙin riƙe sanda. Bai tsaya ba, sai da aka kammala. A nan nake ganin tushen matsalar, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne, al'adar sana'ar ce gaba ɗaya. Idan an sayar da tikiti watanni kafin ranar, an kama filayen wasa, ga ɗimbin ma'aikata da manyan motoci suna bin ayari daga gari zuwa gari, ciwon hannu ba ya cikin abin da ake ɗage wasa dominsa. Da muryarsa ce ta dushe, kowa zai ji, kuma dole a tsaya. Yatsun da suka mutu kuwa mai su kaɗai ke sani, kuma makaɗin da ya ƙware yana da dabarun ɓoyewa.

A 2009 aka yi masa tiyata a wuya. Ba ta dawo masa da jin yatsunsa ba. A shekarar ne ya bayyana cewa irin zaman da yake yi a kan ganga tsawon shekaru hamsin ne ya sa ƙasusuwan suke danne masa laka. Duk da haka bai haƙura ba. Lokacin da yake haɗa faifan Going Back, wanda ya fito a 2010, na tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka da ya taso yana ji, da salatif ake ɗaure masa sanda a hannu kafin ya iya kiɗa. A lokacin an ba da labarin kamar wani abin jarumta ko abin dariya. Mutum ne da ya shekara hamsin yana sarrafa sanda da 'yan yatsu, yana sassauta riƙo yana matsewa gwargwadon sautin da yake so, ya koma sai an naɗe masa ita kamar mai karaya. A watan Maris na 2011 ya sanar da ritaya, ya ce yana so ya zauna da 'ya'yansa ƙanana.

Masu maganar giya suna da gaskiyarsu, sai dai sun juya jerin abubuwan. A littafin tarihin rayuwarsa na 2016 ya faɗi yadda shan ya kai shi gadon asibiti har ya kusa rasa ransa, kuma ya nuna cewa abin ya yi ƙamari ne bayan ya ajiye aiki, aurensa na uku ya mutu, yaran suka koma Miami da mahaifiyarsu, ya rage shi kaɗai a Suwizalan ba abin yi. Hannun ya riga ya tafi kafin nan.

Sauran duk sun biyo baya ne ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 2015 aka yi masa aiki a baya, ya fito da ƙafar da ba ta ɗaguwa sosai idan yana tafiya, shi ne mafarin sandar dogarawa. A Yunin 2017 wannan ƙafar ta kayar da shi a ɗakin otel a Landan, ya fasa kai kusa da ido, aka ɗage wasanni biyu a Royal Albert Hall. A zagayen da ya yi daga 2017 zuwa 2019 ɗansa Nic, wanda ya fara yana ɗan shekara 16, shi ne a kan ganga, uban yana zaune a gaba yana waƙa. Wato kujerar da ta tayar wa mutane da hankali a 2021 ta riga ta shekara huɗu a dandamali, waɗanda ba su bibiya ba ne suka gan ta sabuwa. A Satumbar 2021 ya shaida wa BBC cewa da ƙyar yake iya riƙe sanda da hannun.

Ko ya dace ya fito a haka? Muryar tana nan, ko da ta rage ƙarfi, shi ya zaɓi fita, waɗanda suka sayi tikiti kuma sun san abin da za su tarar. Genesis ta yi wasanta na ƙarshe a O2 Arena ta Landan ranar 26 ga Maris 2022, Peter Gabriel na cikin 'yan kallo, Nic na kan ganga. A ƙarshen 2024 aka fitar da wani shirin bidiyo a kan rayuwarsa ta makaɗi, inda ya ce idan ba zai iya kiɗa yadda ya saba ba, gara ya huta.